Ɗaya Cikin Goma Sha Shida

A Hayin Banki in ka tambayi gidan Malam Rabe, mutane sai su tsaya suna kallon juna, don Rabe ba ɗaya ba ne a unguwar. Amma in ka ce Rabe mai macizai, nan take za a nuna maka lungun da baki, a ce ka bi kwatar nan har ka ga ƙofa mai shuɗin fenti. Ba wanda zai raka ka. Shekara goma sha biyu ya yi da macizai a gidan nan, ba su taɓa saran ko kaza ba, amma har yau masu tallan kunu daga bakin lungun suke ƙwala kira su juya.

Mutumin Malumfashi ne. Ya shigo Kaduna yana saurayi a bayan motar hatsi, ya yi dako a kasuwar Kawo, ya yi gadi, kafin wani ɗan garinsu ya samo masa aikin shara a wata cibiyar binciken cututtukan dabbobi. Daga shara aka mai da shi ɗakin da ake kiwon fararen ɓerayen gwaji, wurin da kowa ke gudu saboda zarni. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin nan. Firamare kawai ya gama, sai dai Allah ya yi shi mutum mai lura, kuma mai naci irin wanda ke gajiyar da jama'a. Ya lura ɓeraye biyu masu ruwan ƙasa kan haifi fari a tsakiyar 'ya'yansu. Ya ƙirga, ya ga kusan ɗaya ne cikin huɗu. Ya hana likitocin wurin sakat da tambaya, har wani ya gaji ya zana masa akwati mai gida huɗu a bayan ambulan, ya nuna masa yadda kala ke ɓuya a jikin iyaye ta fito a jikin ɗa. Tun daga ranar Rabe bai ƙara samun wata hira ba sai wannan.

Macizan kuwa gadonsu ya yi daga wani Ba'amurke likitan dabbobi da ya yi shekara uku a cibiyar. Mutumin ya zo da su daga ƙasarsu yana kiwo don sha'awa, kamar yadda wani zai ajiye tattabaru, kuma Rabe ne ke kai masa ɓeraye duk Asabar. Da zai koma gida a 2012, takardun fita da su suka gagara, sai ya bar wa Rabe guda biyu da wani littafi mai hotuna. Macizan irin da Turawa ke kira sarkin macizai ne, don abincinsa har da 'yan uwansa macizai. Ba shi da dafi ko kaɗan, tsawonsa bai kai buɗin hannuwan mutum biyu ba, kuma asalin kalarsa baƙi ne da fararen zobba daga wuya zuwa wutsiya. Waɗannan biyun dai ba haka suke ba. Namijin zabiya ne, fari mai zobba rawaya da jan ido. Macen baƙa ce ƙirin, duhu ya cinye zanenta kakaf.

Abin da Baturen ya gaya masa ranar sallama, Rabe ya maimaita shi har masu zaman teburin shayi suka haddace ba da son ransu ba. Kowane maciji yana karɓar rabon kala biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Kalar asali mai danniya ce, ko ta gefe ɗaya ta shigo ita za a gani. Zabiyanci kuwa ɓuya yake yi, ba ya fitowa sai ya zo ta uba ya kuma zo ta uwa. Haka shi ma duhun nan mai cinye zane. In aka haɗa zabiyan da baƙar, 'ya'yan duk za su fito gama-gari, amma kowanne na ɗauke da abubuwan biyu a ɓoye. In aka sake haɗa 'ya'yan da juna, to cikin jikoki goma sha shida ɗaya ne zai gaji duka biyun ta kowane gefe. Zabiyanci ya ɗauke masa baƙi, ɗayan ya goge masa zane, sai ya fito fari fat, ba zobe ba ɗigo. Baturen ya ce shi kansa a hoto kawai ya taɓa gani. Rabe ya ƙudurta a ransa sai ya ga wannan macijin da idonsa kafin ya mutu.

Matarsa Harira ba ta ce kada ya kawo su ba, don ta san mijinta, in ta ce ma ɓata baki ne. Sharaɗi ɗaya ta gindaya. Ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida shi ne iyakarsu, ita kuma ƙafarta ba za ta taɓa taka shi ba. Ita ma fa ba baya ba ce a harkar ƙwai. Kaji take kiwo da zabi, tana da injin ƙyanƙyasa mai aiki da fitilar kananzir, wanda ƙungiyar matan unguwa ta koya musu haɗawa, kuma an san hannunta. In ta zuba ƙwan zabi talatin, da wuya uku su zama baragurbi. Mata har daga Rafin Guza suke kawo mata nasu. Gida ɗaya, mutum biyu, kowa da ƙwansa, amma ba su taɓa zama sun yi hirar ƙwai ba. Ita tana ƙyamar nasa, shi yana raina nata. Laifinsa ya fi yawa, don shi ne mai bakin bayani. Zai tsare direban tifa a teburin shayi ya tsoma yatsa a ruwa ya zana masa gida goma sha shida a kan benci, mutumin na hamma yana neman hanyar gudu. Amma matar da ke dafa masa tuwo, bai taɓa ganin ta isa a yi mata bayani ba.

Wahalar farko da ya sha, macizan sun ƙi barbara. Littafin ya ce sai sun yi wata biyu cikin sanyi, ba ci, kamar yadda suke yi a ƙasarsu, sannan jikinsu ke yarda. Ina Kaduna ina irin wannan sanyi? Sanyin firij ya yi musu yawa, wutar da za ta riƙe shi ma babu. Sai ya tafi Rigachikun ya sayo randuna manya da ƙanana, ya sa ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, irin dabarar da masu tumatir ke yi. Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu kowane maciji na kwance a randarsa, Rabe na jiƙa yashin safe da yamma. Dabarar ta yi aiki. Da randunan nan kuma yake kare ƙwai daga zafin bazara, yana shimfiɗa su a kan ƙasa mai laima a cikin ƙaramar.

A 2014 aka yi ƙyanƙyasar farko, 'ya'ya takwas, dukansu baƙi da fararen zobba. Ya san haka za a yi, amma ya yi kuskuren ba da labari a teburin Adamu mai shayi.

Adamu ya ce, "To Malam Rabe, shekara biyu kana shayar da randa ruwa, ashe ɗan kowa-da-kowa za a haifo?"

Rabe ya ce, "Kai dai ba ka san abin da ke ciki ba. Yana nan, ɓoyewa ya yi."

"Allah ya fito da shi muna raye," in ji Adamu, aka kwashe da dariya.

Masu dariyar nan su ne kuma ke laɓaɓowa gidansa ɗaya bayan ɗaya suna neman saɓar maciji, wai za a haɗa musu magani. Yakan ba su, ya kuma gaya musu a fuska cewa ba abin da za ta yi musu. Bakinsa bai iya lallashi ba, shi ya sa ba shi da aboki na kirki.

Shekara uku ya yi yana renon 'ya'yan takwas, kowanne a robarsa mai huji, don in ka haɗa su za su cinye juna. Ya kafa nasa kiwon ɓerayen a kusurwar ɗakin. Da suka isa barbara, sai masifu suka fara zuwa bi da bi. Shekarar farko ya haɗa namiji da mace, aka kira la'asar, ya ce bari ya je ya dawo. Ya dawo ya tarar da mace ita kaɗai ta yi tim, wutsiyar mijin na reto a bakinta. Wata shekarar kwarkwasa ta shiga randa ta gama da ƙwai tara cikin yini ɗaya. Wata kuma ya kwanta zazzaɓi kwana uku, yashi ya bushe, zafin Afrilu ya dafa ƙwan. A shekarun da abin ya yi kyau ya samu gama-gari da yawa, ya samu zabiyoyi, ya samu baƙaƙe, wani mutumin Legas mai sayar da dabbobin ado yana zuwa sau ɗaya a shekara ya kwashe. Jikoki arba'in da uku suka ƙyanƙyashe a hannunsa. In don lissafi ne, da ya ga fari biyu ko uku. Amma kowane ƙwai nasa rabon yake ja shi kaɗai, bai san abin da na gabansa ya ja ba. Rabe ya fi kowa sanin haka, shi ya sa abin ya fi ci masa rai.

Ido kuwa ya fara ne ba ciwo ba hawaye, jim kaɗan bayan ya yi ritaya. Sai ya riƙa bugun kafaɗa da ƙyaure. Ɗan acaɓa zai fito masa ta gefe bai gani ba, ya bi shi da zagi alhali shi ne bai da gaskiya. 'Yarsa Mardiyya, malamar firamare da ke aure a Kawo, ita ta lura ubanta yana juya kansa gaba ɗaya in zai kalli mutum. Ta ja shi asibiti da ƙyar. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cin jijiya a ɓoye. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura tsakiyarsa. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ta ɗiga magani a riƙe abin da ya rage.

A hanyar komawa gida Mardiyya tana kuka cikin keke napep, shi kuwa yana ta lissafi a ransa. Ba makanta kanta yake tunani ba. Shekaru yake ƙirgawa, kuma kowace shekara zubin ƙwai ɗaya ce.

Ya ɗiga magani yadda aka ce, amma idon bai daina tsukewa ba. Zuwa bara duniya ta koma masa kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Cikin 'ya'yan nan takwas kuma saura biyu masu amfani, namiji ɗaya da wata mace da ta fara tsufa. Ya sanyaya su a randa, ya haɗa su a watan Maris yana zaune a kansu da sanda har suka rabu, sallah ma sai da ya rama. Ranar tara ga Mayu macen ta zuba ƙwai goma sha ɗaya.

Ƙwan maciji ba irin na kaza ba ne. Ɓawonsa taushi gare shi kamar fata, kuma yana fitowa da danƙo, sai duk su manne da juna su zama curi ɗaya. Masu kiwo ba sa raba su. Ba sa kuma juya su, don a kwanakin farko ɗan yakan kama saman ɓawon ya zauna, in aka kifa shi sai gwaiduwa ta danne shi ya mutu a ciki. Shi ya sa ake yi wa saman kowane ƙwai alama, ko da za a ɗaga shi a mai da shi yadda yake. Rabe ya kai hancinsa dab da curin, ya ɗiga wa kowanne fensir, ya shimfiɗa shi a randa. Kwana sittin ake jira. Ya san sha ɗaya bai kai sha shida ba. Ya kuma san idonsa ba zai kai wata shekarar ba.

Ranar kwana na arba'in da huɗu ya tashi da ciwon da bai taɓa jin irinsa ba, kamar ana tura masa ƙusa ta cikin idon dama, ga amai. Harira ta kira Mardiyya, ta zo da keke. Ana riƙe da shi za a fita, ya dafa bango ya tsaya.

Ya ce, "Harira, ki kula mani da ƙwan nan."

Ta ce, "Wane ƙwai kuma, Malam? Kai da idonka ke neman tafiya."

"Ƙwan dai. Ki riƙa jiƙa yashin. Kar ki bari su lalace, don Allah."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Randar na bakin ƙofar ɗakin, ana iya zuba wa yashin ruwa daga waje. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, don bai taɓa kawowa a ransa cewa matar da ta yi shekara goma sha biyu tana zagaye ƙofar nan za ta sa hannu a ciki ba.

Kwana tara ya yi a asibiti. An yi masa aiki, ciwon ya lafa. Da aka cire bandeji likita bai ɓoye masa ba, ya ce tashin nan ya ƙara cin jijiyar, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma ba zai yi masa alkawarin wata nawa zai kai ba. Rabe ya gwada a farfajiyar asibitin. In rana ta take, in ya karkata kai ya nemo wurin, yana iya raba ja da shuɗi, yana iya ganin yatsunsa. Ya ce wannan ya ishe shi. Sati ɗaya ya rage a ƙyanƙyashe.

Yana shiga gida bai ko zauna ba, ya bi bango zuwa ɗakin ƙarshe. Ya ɗaga murfin randa ya zura hannu. Yatsunsa suka nemi curi ba su samu ba. Ƙwai ɗaya ya taɓa shi kaɗai, sai wani a gefensa, sai wani, an jera su tsaf layi uku. 

"Ka ga na shigo, Malam."

Muryar Harira ce, kuma daga cikin ɗakin take fitowa, dab da kafaɗarsa. Akwai kunya a cikinta, akwai kuma alfahari.

Ta ce, "Kwana biyun farko daga ƙofa nake zuba ruwan. Sai na ce wa kaina, Harira wannan ai ba kula ba ce. Mutum na can ana yanka mashi ido, amana ɗaya ya bar maki. Na yi bisimilla na shigo, ban kalli robobin nan ba. Ina buɗewa na tarar duk sun manne, kuma alamarka duk tana sama. Na ce wayyo bawan Allah, ciwo ya hana shi juyawa. Na zauna na raba su a hankali. Biyu sun ɗan yage, na ɗiga masu kyandir kamar yadda nake yi wa na zabi. Sau uku kullum nake juya su, da asuba, da azahar, da magariba. Wallahi ko sau ɗaya ban tsallake ba."

Ba ƙarya a aikinta. Duk mai ƙyanƙyasar kaji ya san ƙwan da ba a juyawa ba ya yi, kuma alamar fensir a wurinsu ta sanin gefen da aka juya ce. Iliminta ta kawo masa gaba ɗayansa, ta haɗa da tsoron da ta danne.

Rabe ya riƙe bakin randar da hannu biyu. Maganganu suka taso masa, munana, irin waɗanda ya saba jefa wa mutane ba tare da ya duba inda za su faɗa ba. Yana jin numfashinta, yana jin yadda ta tattare zaninta don kada ya taɓa robobin. Sai ya nemi ranar da ya taɓa gaya mata cewa ba a juya ƙwan maciji. Ya nema cikin shekara goma sha biyu bai samu ba. Ya gaya wa Adamu mai shayi, ya gaya wa direbobin tifa, ya gaya wa wani kafinta da ya zo gyaran rufi. Baƙin ciki ya cika shi, kuma ba shi da wanda zai ɗora wa sai kansa.

Ya ce, "Kin yi ƙoƙari. Daga yau ki bar mani, na dawo."

Ta fita da sauri, tana murna an sallame ta.

Ya zauna a ƙasa ya ɗauki ƙwan ɗaya bayan ɗaya yana kai su bakin ƙofa, yana neman ɗigon fensir don ya mai da shi sama. Wasu ya gano, wasu hannunta ya riga ya goge. Ya san aikin banza yake yi, bayan sati guda ana kifa su sau uku a yini, amma ya yi. Daga nan sai jira. Kowace safiya yakan shafa su. Biyun da aka ɗiga wa kyandir suka fara lotsewa, suka yi gumi, suka yi funfuna. Sauran ma jikinsu ya saki. Kwana sittin ya zo ya wuce, ba wanda ya tsaga. Ɗakin ya ɗauki wani wari da ya danne na ɓeraye.

Idon ma bai jira shi ba. Yakan fita tsakar gida da hantsi ya gwada shi a kan igiyar shanya. Ran Litinin ya gane jan zanin Harira. Ran Alhamis ya ga akwai abu a rataye, amma bai san kalarsa ba. Bai gaya wa kowa ba, sai dai ya daina zuwa teburin shayi.

Ranar kwana na sittin da shida, da rana ta take, ya kwaso ƙwan a faranti ya fito da su tsakar gida. Ya zauna a tabarma ya ɓare sabuwar reza. Harira na tankaɗe a ƙofar kicin.

Ya ce, "Zo ki zauna nan. Idonki nake so."

Ta ajiye rariya ta zo, ta toshe hanci da gefen mayafi. Ya tsaga na farko da na biyu, ruɓaɓɓen ruwa ne kawai. A na uku yatsansa ya taɓa abu a naɗe, siriri, bai kai tsawon taƙi ɗaya ba. Ya zaro shi ya shimfiɗa a faranti. Halittarsa ta cika, har da ido, amma ba motsi.

Ya ce, "Mi kika gani?"

"Baƙi ne da farin zobe."

Na huɗu ma haka. Na biyar ta ce baƙi ne duk. Na shida ta ce fari ne, ya ɗago kai, sai ta ƙara da cewa akwai rawaya-rawaya a kewaye da jikinsa. Zabiya ne, irin wanda ya saba gani. Ya tsaga na bakwai ya shimfiɗa. Harira ta duƙa tana ta kallon abin.

Ya ce, "Ki yi magana."

"Wannan ma fari ne."

"Da zobe?"

"Ban ga zobe ba."

"Ki duba da kyau. Rawayan jariri kan yi haske, sai an natsu. Ki ɗauraye shi ki kai shi rana."

Ya ji ta jawo buta. Ya ji ƙarar ruwa a faranti. Da hannunta ta ɗauki abin, ba tsumma ba tsinke, ta daɗe tana juya shi.

Ta ce, "Babu, Malam. Na duba har ƙarƙashin cikinsa. Ga na ɗazu nan na jera su, wancan rawayansa a fili yake. Wannan ba komai a jikinsa, fari ne tas kamar ɓararren rogo."

Harira ba ta iya ƙarya ba, kuma ba ta san abin da yake nema ba balle ta faɗa don ta faranta masa. Ya miƙa hannu ta ɗora masa. Sanyi ƙalau, ba nauyi. Ya ɗaga shi saitin fuskarsa, ya karkata kai hagu, ya karkata dama, yana neman 'yar kafar nan da ta rage. Ya matso da shi har ya taɓa hancinsa, ya nisanta shi, ya tashi tsaye ya fuskanci rana sosai har hawaye ya zubo. Hazo ne kawai mai ruwan toka, hannun da abin da ke kansa duk ɗaya. Ya zo, bayan shekara goma sha biyu ya zo, kuma Rabe bai gan shi ba.

Ya koma ya zauna. Sauran ƙwai huɗun bai taɓa su ba.

Can Harira ta ce a hankali, "Shi ne wanda kake jira?"

"Shi ne."

Ta ce, "To me ya kashe su, Malam? Ko akwai abin da ya kamata in yi ban yi ba?"

Amsar na bakinsa, gajeriya, kuma gaskiya ce. Ya san in ya faɗa, matar nan za ta ɗauke ta har kabari, ba za ta ƙara taɓa ƙwai da daɗin rai ba. Ya haɗiye ta, ya yanke cewa ba za ta taɓa ji daga gare shi ba.

Ya ce, "Kwanansu ne ya ƙare."

Ta share ido, ta kai hannu za ta karɓi abin ta haɗa da sauran ta binne kafin ƙudaje su taru. Ya rufe yatsunsa a kansa bai sakar mata ba.

Ya ce, "Dakata tukuna. Sake faɗa mani yadda yake, a hankali. Ki fara daga kai."